Bayana Ya Riƙe a Shekarar Ƙarshe ta Golmo

Yanzu kowa ciwon baya yake yi. Magatakarda na yi, direba na yi, har saurayin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba sai ka gan shi ya dafe kwankwaso yana yamutsa fuska, mutane na jera masa sannu. A zamaninmu a ƙasar Zuru, saurayi ya gwammace a ce ya saci akuya da a ce bayansa ya riƙe. Ɓarawon akuya yana samun mata. Mai ciwon baya kuwa, tsofaffin mata su haɗa kai a bakin rijiya su ce wanda ya kasa wa gona, me zai iya wa ɗaki?

Ga wanda bai san mu ba, mu Dakarkari da noma muke aure. Golmo ake ce wa abin. Saurayi ya shiga ƙungiyar tsaransa, su riƙa yi wa iyayen 'yan matansu aiki, yau gonar surukin wannan, gobe ta wancan, har damina bakwai. Ka cika a ba ka matarka. Ka gaza ka shiga waƙar 'yan mata, kuma waƙar 'yan matan garinmu ba ta tsufa. Saboda golmo aka cire ni daga elementare ina aji uku, ni da nake gaba da kowa a lissafi. Waɗanda suke leƙen allona sun ci gaba, yau su ne masu fansho da gidan kwano. Ban yafe ba, amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Abin ya faru cikin shekarun hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Surukina tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo da igiya uku, da kwat ɗaya mai maɓallan ƙarfe, da Hausar bariki wadda yake yi wa kowa har kajinsa. Baba Saja muke ce masa. Gajere ne, kakkaura, kamar turmi. Magana ɗaya gare shi a kan aure: shi ba ya ba da ɗiya ga suna, ga baya yake ba da ita. Ɗiyar kuwa ta isa mace, doguwa, mai baki kamar barkono, kuma ni take so, kowa ya sani. Damina shida na yi ba a taɓa jin na ce wash ba. Saura ɗaya.

Da bazara, kafin ruwa ya zauna, aka kira mu ɗora wa Baba Saja sabuwar jinka a kan rumbu. An gama baibaya ta a ƙasa, sai a kewaye ta a ɗaga. A gefena akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda budurwarsa ta bi wani kofur zuwa Kaduna ta bar shi ba gonar suruki, yana bin ƙungiya don kunu kawai. Mun sunkuya, mun kama, an ce a ɗaga. Daidai nan zuma ta sauka masa a kunne, ya saki ya kai mari. Nauyin mutum biyu ya dawo kaina ina sunkuye, ƙafafu a miƙe, na kuma murɗa don kada jinkar ta kife. Na ji abu ya ce ƙas a ƙasan bayana, kamar an karya kara.

Ban nuna ba. Yarinyar na tsaye da tulu a ƙugu tana kallo. Muka ɗora jinkar, na sha kunu, har dariya na yi, na taka zuwa gida kamar wanda ya haɗiye taɓarya. Da gari ya waye na zo tashi, baya ya ce ba da shi ba. Ko atishawa na yi sai na ga taurari.

Inna ta leƙo ta gan ni ina rarrafe, ta ja asabari ta rufe ƙofa.

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa, Inna."

"To ba wanda zai gan ka. Ka tafi Wasagu."

"Ni da ba na iya kaiwa bakin zaure?"

"Ka tafi tun asuba. Gwaggonka ba lafiya, an aiko. Kwanta."

Shi ke nan, aka mayar da ni ɗakin da Inna take ajiye tukwane da daddawa, aka baza a gari cewa na tafi jinya. A al'ada idan mutum ya yi tafiyar dole, ɗan'uwansa zai riƙe masa galma a ƙungiya, wato babbar fartanyar da muke huɗa da ita. Wa aka samu? Taubashina. Shi da ya ja mini. Kuma mutanenmu na cewa wanda ya riƙe galma shi ya san hanyar gidan. An taɓa yi, mai riƙo ya zama mai abu. Kullum da yamma sai ya shigo ya tsuguna kusa da kaina yana suɗar baki.

"Mutanen Wasagu, ya hanya? Yau matarmu ta zuba mini kunu har sau biyu."

"Allah ya sa ya tsaya maka a wuya."

"Baba Saja ya ce ƙafaɗuna irin na soja ne. Kai dai kwanta ka huta, kada ka yi garaje. Baya ba abin wasa ba ne."

Na jefe shi da ludayi, jifar ta fi yi mini ciwo a kan shi.

Magani kuwa na sha. Inna ta fara da gashi: tsumma a ruwan zafi, ta danna mini a kwankwaso, ta bi da man kaɗe tana murzawa da gindin tafin hannu. Wannan gaskiya yana sassautawa, sai dai da na kwanta na huce sai abin ya dawo. Kakata ta ce basir ne ya hau baya, ta dafa mini wani sassaƙe mai ɗaci wanda ya sa ni zawo, ga shi ba halin in fita sai an leƙa an ga ba kowa a hanya. Ta ce to sai a samu matar da ta haifi tagwaye ta taka bayan da ƙafarta, ba ya kwana. Muka bar zancen a nan, don mai tagwaye ɗaya ce a unguwarmu, ita ce uwar yarinyar.

Sai aka ɗauko wanzami daga cikin garin Zuru, wani tsoho Bakabe mai zabira baƙa. Inna ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Ya latsa ni nan da can.

"Mi ya same ka, samari? A'a. Mataccen jini na. Ga shi nan ya taru wuri guda."

Ya tsattsaga ni da aska, ya kafa ƙaho ya zuƙa ya toshe. Da ya cire ya nuna mini baƙin jini a ƙasa kamar wanda ya kamo ɓarawo. Na ji daɗi har la'asar. Kashegari ga ciwon baya, ga ciwon tsaga. Abin da Inna ta manta shi ne wannan tsohon ne yake yi wa Baba Saja aski duk ranar kasuwa, kuma ban taɓa ganin wanzamin da ya iya aski bakinsa a rufe ba.

Wanda ya faɗa mini gaskiya shi ne wanda na fi ƙin jin ta daga bakinsa. Abokin karatuna ne, ɗaya daga cikin masu leƙen allon nan, ya zama malamin asibiti, yana yawo a kan keke da farar riga da alƙalami a aljihu. Ya biyo gaida babana, ya ji nishina ta bango, ya shigo ba sallama.

"Ashe Wasagu ta matso kusa."

"Likita bokan Turai, in dariya ka zo yi, yi ka fita."

Bai fita ba. Ya tambaye ni ko ƙafa tana mutuwa, ko ciwon yana sauka har tafin sawu, ko fitsari da bayan gida suna zuwa yadda na saba, ko ina zazzaɓi, ko tari, ko rama. Na ce babu ko ɗaya. Ya bi ƙashin bayana da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba ƙusumbi, ba kumburi. Ya ɗaga ƙafata a miƙe, ya sauke.

"Da ka ce e a ɗaya daga cikin waɗannan, da yau a kan amalanke zan kai ka asibiti, ko Inna na so ko ba ta so. Akwai ciwon baya na ƙoda, akwai na tarin fuka da yake cin ƙashi, akwai wanda yake danne jijiya har ƙafa ta shanye. Naka ba shi ba ne. Nama ne ya fizge. Ka ɗaga kaya a sunkuye ka murɗa, ko?"

"Wancan ɗan banzan ne ya saki."

"Ko ma wa ya saki. Yawancin waɗanda nake gani haka ne: ɗaukar kaya ba a tsuguna ba, sunkuyo wuni guda, mata masu ciki, tsofaffi, da masu zama a kujera daga safe har yamma. Irin naka yana warkewa da kansa. Gashin da Inna take yi ya yi daidai. Ga asfirin, ka sha bayan ka ci abinci. Amma kwanciyar nan ita ke kashe ka. Baya in ya kwanta ya daɗe sandarewa yake yi. Tashi ka riƙa takawa, kaɗan kaɗan."

"In taka ina? Ina Wasagu fa."

Ya duba ni, ya duba tukwanen daddawa, ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Na sha ƙwayar, don tana aiki, amma takawa ba hali. Ɗakin taku biyu ne ka ci karo da tukunya. Na ci gaba da kwanciya, ina daɗa sandarewa, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Da ruwa ya zauna za a yi babbar huɗa a gonar Baba Saja, ta shekarar ƙarshe, wadda ba a riƙe wa mutum. Ranar nan ko kana cikin kunyar huɗa da galmarka, ko ka bar wa wani.

Ana haka wata safiya na ji muryar ɗiyar Baba Saja a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaida Inna, amma ta zaɓi durƙusawa daidai ƙofar ɗakin daddawa, ta kuma ɗaga murya kamar Inna kurma ce.

"Inna, Baba ya ce a gaishe ku da mai jiki. Ya ce tunda ɗanku yana Wasagu, a aika masa ya zo masa da ƙotar galma daga wurin masassaƙin bakin kasuwa, wanda yake ƙona alamar ƙafar kaza a gindin ƙotarsa. Ya ce ba ya son ta wani wuri, ya san alamar."

Inna ta ce to.

"Ya ce kuma a auna ta da tsawon ɗan aiken. Kuma a kawo kafin huɗa." Ta ƙara matsowa jikin ƙofar. "Inna, akuyar nan taku ta cikin ɗaki tana nishi kamar mutum. A riƙa fito da ita tana shan iska."

Da ta tafi Inna ta shigo ta zauna ta riƙe kai. Ta ce ko a aiki taubashina. Na ce in ya je, shi za a auna, shi zai miƙa, shi zai zama ɗan aiken Baba Saja a gaban kowa, gara in mutu a hanya. Ƙaryar da Inna ta dafa, ni zan ci ta har ƙanzo.

Babana ya haɗa ni da wasu masu jakai da suke kai gishiri da kanwa Wasagu. Muka fita da asuba ta bayan gari, na yafa bargo kamar mai takaba. Da farko suka ɗora ni a kan jaki. Kada Allah ya maimaita mini. Duk takun da jakin ya yi sai na ji kamar an soka mini mashi. Kafin mu bar duwatsun garinmu na ce a sauke ni. Na yanki sanda, na kama igiyar mangalar jakin baya, na bi a ƙasa, a karkace kamar ƙaguwa.

Madugunsu wani baƙin dattijo ne mai son tsokana.

"Samari, wa ka yi wa laifi aka aike ka haka?"

"Surukina."

"To ai da sauƙi. Ni uwar matata ta aike ni neman nonon kura."

Ranar farko na zagi kowa a zuciyata: taubashina, zumar da ta sauka masa, Inna, Baba Saja, har Turawan da suka kai shi Bama suka dawo da shi. Inda muka yada zango na kwanta a kan tabarma a ƙasa mai tauri, na tura ƙunshin bargo a ƙarƙashin gwiwoyina, na sha ƙwaya, na roƙi ruwan zafi wurin matan wani ruga na gasa wurin da kaina. Da safe na tashi a sandare, amma da muka ɗan taɓa tafiya rana ta hau, sai na ji abin ya fara saki, kamar fatar da aka jiƙa. Na lura kuma da yadda mutanen nan suke ɗora kaya. Ba mai sunkuyawa. Mutum ya tsuguna, ya rungumi buhu a ƙirji, ya miƙe da cinyoyinsa, in zai juya ya juya da ƙafa gaba ɗaya. Abin da mai farar riga ya faɗa ke nan, na ji haushi da ya zama gaskiya.

Kafin mu hango Wasagu na saki igiyar jaki. Sandar ma a kafaɗa na saɓa ta.

Na tarar da gwaggona tana daka a tsakar gida, taɓarya na tashi sama tana tafi kafin ta cafe.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Jinyarki na zo, Gwaggo. An ce kina kwance rai a hannun Allah."

"Ni? Wace mai baƙin bakin ce ta faɗa?"

"Inna."

Ta ajiye taɓarya ta saurari labarin duka, ta yi dariya har da hawaye, ta kira maƙwabta ta sake ba su. Sannan ta ce tunda jinya na zo, in je in ɗebo mata ruwa. Kwanakin da na yi ina jiran masassaƙi ban zauna ba, rijiya, kasuwa, daji, ta mayar da ni jaki. Da yamma ta gasa mini baya da ruwan zafi tana zagin ƙanenta da matarsa.

Masassaƙin ya tsayar da ni ya jingina itace a jikina. Na ce masa mai ƙotar gajere ne, iyakarsa kafaɗata, wannan za ta yi masa tsawo. Ya ce me aka ce mini in faɗa? Na ce an ce a auna da ɗan aike. Ya ce to ni ɗan aike ne ko mai ba da shawara? Ya sassaƙa ta, ta fi irin tamu tsawo da kusan taƙi, ya ƙona ƙafar kazarsa a gindi. Na ce a raina haukan soja ne.

Na dawo ruwa na bina a baya, ƙoramu sun fara kawowa. Wannan karon ta tsakiyar gari na shigo, rana tsaka, ƙota a kafaɗa, ina amsa sannu da zuwa da ƙarfi. Ban warke sarai ba, kada in yi ƙarya, akwai sauran tsami a gefen dama. Amma ina tafiya kamar mutum.

Ranar huɗa gona ta cika, ga masu ganga, ga 'yan mata da tuluna a gindin ɗorawa. Baba Saja ya fito da kwat ɗinsa. Na durƙusa na miƙa masa ƙota hannu biyu. Ya juya ta, ya duba alamar, ya dafa ta a ƙasa, ta kai masa kusan ƙirji.

"Wane sakarai ya auna wannan?"

"Yadda aka ce a yi, Baba."

"Ta yi mini tsawo. Ba na son ɓarna. Cire taka ka sa wannan." Ya jefo mini ita. Ina ƙoƙarin ɗaura ruwan galma ya tsaya a kaina, hannu a baya kamar yana duba fareti. "Yaya jikin gwaggon taka?"

"Da sauƙi, Baba."

"Na ga alama ta miƙe. Mu a soja mai irin ciwonta ba a ba shi gado. Maci ake sa shi." Ya juya ya daka wa masu ganga tsawa su fara.

Da doguwar ƙota ba sai na naɗe biyu ba. Na ɗan karya gwiwa, na bar cinya ta yi aikin. Duk ƙarshen kunya sai in miƙe in buga gindin ƙota a dutse kamar sabuwa ce tana kwancewa, alhali bayana nake miƙarwa. Ban zo na ɗaya ba, ni da na saba. Amma ban zo na ƙarshe ba, kuma ban bar kunya ko ɗaya a buɗe ba. Na ƙarshe taubashina ne, wanda ya yi makonni yana noman nuna kai a gonar da ba tasa ba. Na gan shi ya faki ido ya kai hannu kwankwaso. Na matsa kusa da shi.

"Taubashi, kwanta ka huta. Kada ka yi garaje. Baya ba abin wasa ba ne."

Da rana ta karkata yarinyar ta kawo mini kunu a sabuwar ƙwarya. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Mutanen Wasagu, ashe akuyar ta fito." Bayan girbi aka kawo ta gidanmu.

Baba Saja har ya mutu bai taɓa cewa ya sani ba, ni kuma ban tambaya ba, ba a yi wa suruki irin wannan tambaya. Abokina mai farar riga yanzu ya yi tumbi, kujera ta cinye masa baya, kwanaki na gan shi yana fitowa daga mota yana dafa ƙofa. Na ce masa ya riƙa takawa kaɗan kaɗan. Bai yi dariya ba. Shi dai yana da fansho.

Ni kuwa bayan yakan tuna da ni duk farkon damina, ko in na manta na sunkuya wa buhu. In na kwanta na fara nishi, kwana ɗaya matar tawa take ba ni. Kashegari da safe sai ta zo da ruwan zafi da man kaɗe, ta gasa, ta murza, sannan ta ɗauko tsohuwar ƙotar daga bayan ƙofa, wadda ƙafar kazar ta kusa shafewa, ta miƙo mini ita a maimakon sanda.

"Tashi, malam. Gwaggonka ba lafiya."